Tambayoyi da amsoshi kan hukuncin tilas a laifukan miyagun ƙwayoyi

Duk lokacin da ƙwaya ta haukata wani matashi a unguwa, ko aka ji an kama mota shaƙe da taramol, abin da jama'a ke cewa kusan ɗaya ne: a tsananta hukunci, a ɗaure hannun alƙalai don su daina sakin mutanen nan. Wannan kuka ne na mutanen da abin ya ci wa rai, kuma ba a raina shi. Sai dai abin da ake nema ɗin an riga an gwada shi a ƙasashe da dama, an kuma ga abin da ya haifar. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi tasowa idan ana wannan muhawara.

Me ake nufi da mafi ƙarancin hukunci na tilas?

A yawancin laifuka doka kan faɗi iyakar hukunci ta sama, ta ce kada ɗauri ya wuce shekara kaza, sannan ta bar wa alƙali ya duba wanda ke gabansa. Karon farko ne ko ya saba? Shi ne mai kayan ko aiko shi aka yi? Yaro ne ko babba? Akwai makami a hannunsa? Daga nan sai ya yanke abin da ya ga ya dace.

A tsarin hukuncin tilas kuwa, majalisa ce ke sa iyaka ta ƙasa. Ta ce duk wanda aka samu da laifi kaza, ba za a ba shi ƙasa da shekara biyar ko goma ko goma sha biyar ba. Alƙali na iya ƙarawa, amma ba shi da ikon ragewa, ko da ya gamsu a ransa cewa hukuncin ya fi ƙarfin laifin. Wato an yanke hukuncin tun kafin a san wanda za a yanke wa.

A ina wannan tsari ya fi yin suna?

A Amurka, kuma sau biyu suka shige shi. A 1951 majalisar dokokin tarayya ta yi dokar da ake kira da sunan ɗan majalisa Hale Boggs, wadda ta sa ɗaurin shekara biyu zuwa biyar a karon farko, aka ƙara tsananta ta a 1956. Bayan kusan shekara ashirin majalisar da kanta ta ga abin bai yi aiki ba, ta soke yawancin waɗannan tanade-tanade a 1970. Cikin waɗanda suka goyi bayan sokewar har da George Bush babba, lokacin yana ɗan majalisa daga Texas.

Jihohi kuma suka ɗauka. A 1973 gwamnan New York, Nelson Rockefeller, ya sa hannu kan dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa rai da rai ga wanda ya sayar da oza biyu na hiroyin ko hodar iblis, ko aka same shi da oza huɗu. A 1978 Michigan ta yi tata: giram 650, ɗaurin rai da rai babu afuwa.

Zagaye na biyu a matakin tarayya ya zo ne a 1986. A watan Yuni na shekarar wani shahararren ɗan ƙwallon kwando na jami'ar Maryland, Len Bias, ya mutu bayan ya sha hodar iblis, kwana biyu da ƙungiyar Boston Celtics ta ɗauke shi. Ƙasar ta girgiza, ga zaɓe na tafe a watan Nuwamba, kowace jam'iyya na tsoron a ce ita ce mai sassauci. Cikin 'yan watanni aka rubuta doka aka zartar, ba tare da dogon zaman jin bahasin masana ba, Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a watan Oktoba. Wannan dokar ce har yau take ginshiƙin hukuncin ƙwaya a kotunan tarayyar Amurka.

Yaya ake lissafa shekarun ɗaurin a can?

Da sikeli. Nauyin abin da aka kama shi ke faɗin shekarun. Ɗaurin shekara biyar na tilas yana farawa daga giram 100 na hiroyin, ko giram 500 na hodar iblis, ko kilo 100 na tabar wiwi, ko giram 40 na fentanil. Shekara goma kuma daga kilo ɗaya na hiroyin, kilo biyar na hodar iblis, kilo 1,000 na wiwi, ko giram 400 na fentanil. Idan wani ya mutu sanadin ƙwayar da aka sayar masa, mafi ƙarancin ya koma shekara 20. Wanda aka taɓa ɗaurewa kan babban laifin ƙwaya kuma ana ƙara masa.

Akwai wani abu da mutane ba su cika sani ba. A mafi yawan ƙwayoyin, nauyin da ake aunawa na duk cakuɗen ne, har da garin da aka haɗa don a ƙara masa yawa. A 1991 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa a shari'ar ƙwayar LSD, har takardar da aka ɗiga ƙwayar a kanta ana sa ta a sikeli. Sakamakon haka shi ne wanda ke ƙasan kasuwa, mai riƙe da kayan da aka surka sau da yawa, na iya shan hukunci fiye da na sama mai riƙe da zallar abin ɗan kaɗan.

Me ya sa ake yawan ambaton kirak idan ana wannan magana?

Kirak hodar iblis ce da aka dafa da ruwa da bakin soda ta dunƙule, ana zuƙar hayaƙinta. Sinadarin da ke bugarwa ɗaya ne a duka biyun. Amma dokar 1986 ta ce giram biyar na kirak daidai yake da giram 500 na hoda, wato ɗaya bisa ɗari. A 1988 aka ƙara da cewa ko ba sayarwa mutum yake ba, samunsa kawai da fiye da giram biyar na kirak ɗaurin shekara biyar ne.

Kirak mai arha ce, a unguwannin talakawa baƙaƙen fata aka fi sayar da ita a fili, a nan ne kuma 'yan sanda suka fi kame. Shekara da shekaru, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka hukunta kan kirak a kotunan tarayya baƙaƙe ne. Wanda ya shigo da hodar daga waje yana samun sauƙi fiye da yaron da ya dafa ta ya sayar a bakin titi. Hukumar tsara hukunci ta ƙasar ta ba da shawara tun 1995 a daidaita, majalisa ta ƙi. Sai a 2010, zamanin Barack Obama, aka rage tazarar zuwa ɗaya bisa 18, aka kuma soke ɗaurin tilas na mallakar kirak kawai. Waɗanda aka riga aka ɗaure da tsohuwar doka sai da suka jira har 2018, lokacin da Donald Trump ya sa hannu kan wata doka da ta ba su damar neman a sake duba hukuncinsu. Shekara takwas ke nan mutane na zaune a kurkuku kan lissafin da majalisa ta riga ta amince kuskure ne.

Idan an hana alƙali zaɓi, ba shi ke nan kowa ya zama daidai a gaban doka ba?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu son tsarin, kuma a nan ne nake ganin aka fi ruɗar mutane. Zaɓin bai ɓace ba. Hannu kawai ya sauya, ya tashi daga alƙali ya koma ga mai gabatar da ƙara.

Mai gabatar da ƙara shi ke zaɓen sashen dokar da zai tuhumi mutum da shi. Shi ke yanke ko zai rubuta nauyin kayan a takardar tuhuma ko zai bar shi. Shi ke yanke ko zai shigar da takardar da ke nuna an taɓa ɗaure mutumin, wadda ke ƙara shekarun. Kuma a dokar Amurka, babbar ƙofar da ake bi a sauka ƙasa da hukuncin tilas ita ce a ce wanda ake tuhuma ya taimaka ƙwarai wajen kama wasu, ita ma ba ta buɗuwa sai mai gabatar da ƙara ya nema. Alƙali yana yanke hukunci a bainar jama'a, yana rubuta dalilinsa, ana iya ɗaukaka ƙara a kansa. Shawarar mai gabatar da ƙara a ofis ake yin ta, babu wanda ke ganin yadda aka yi.

Abin da wannan ya haifar shi ne ciniki. Ana ce wa mutum: amsa laifi ka samu shekara biyar, ko ka ja da mu ka fuskanci ashirin. Kusan kashi 97 cikin 100 na waɗanda ake hukuntawa a kotunan tarayyar Amurka amsa laifi suke yi, ba a kai ga sauraron shaidu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2013 da ya nuna cewa a shari'un ƙwaya, wanda ya amsa laifi kan samu matsakaicin shekara biyar da wata huɗu, wanda ya tsaya aka yi shari'a kuwa shekara 16. Mutumin da yake da hujjar kare kansa, in ya ga wannan tazara, sau da yawa sai ya haɗiye hujjar.

Har ma manufar kan sauya da sauyin gwamnati. A 2013 ministan shari'a Eric Holder ya umarci lauyoyin gwamnati su daina tuhumar ƙananan masu laifi da sassan da ke jawo hukuncin tilas. A 2017 wani sabon ministan shari'a, Jeff Sessions, ya janye umarnin. Doka ɗaya, laifi ɗaya, amma makomar mutum ta dogara ga shekarar da aka kama shi.

Amma ai manyan dillalai aka nufa da dokar?

Su aka nufa. Matsalar ita ce sikeli ba ya gane matsayin mutum a cikin harka. Babban dillali ba ya ɗaukar kaya da hannunsa. Direba ne ke ɗauka, ko ɗan aike, ko matar da aka ba kuɗin jirgi ta haɗiye ƙunshi. In kuma an yi sa'a an kama babban, shi ne ke da sunaye da lambobin waya da hanyoyin kuɗi da zai miƙa a rage masa. Ɗan aike bai san kowa ba sai wanda ya miƙo masa jaka, don haka ba shi da abin sayen sassauci. Wuyan aiki ga mai ƙaramin ƙarfi, riba ga mai dogon hannu.

Dokar 1988 ta ƙara faɗaɗa ramin da ta sa hukuncin haɗa baki ya zama daidai da na aikata laifin. Daga nan ana iya ɗora wa mutum nauyin kayan da ƙungiyar ta yi safara muddin ana ganin ya kamata ya san da su. Mata da yawa sun faɗa ta nan. Kemba Smith, ɗalibar jami'a a Virginia, ta samu shekara 24 da rabi saboda harkar saurayinta, wanda ke dukanta, duk da cewa ba a ce ita ta sayar da ƙwaya ba. Shugaba Bill Clinton ne ya sake ta a ƙarshen shekarar 2000. Alice Marie Johnson ta samu ɗaurin rai da rai a laifinta na farko, wanda babu tashin hankali a cikinsa, ta yi shekara 21 kafin Trump ya sake ta a 2018. Waɗannan su ne labarinsu ya kai kunnen shugaban ƙasa.

Majalisar Amurka ta ɗan buɗe taga a 1994: alƙali na iya sauka ƙasa da hukuncin tilas idan mutum ba shi da tarihin laifi mai yawa, bai riƙe makami ba, ba shi ne jagora ba, babu wanda ya mutu ko ya ji mummunan rauni, kuma ya faɗa wa hukuma duk abin da ya sani. Buɗe wannan taga ma kaɗai shaida ce cewa dokar tana kama waɗanda ba su aka nufa ba.

To, ya rage shaye-shaye da fatauci?

Ya cika gidajen yari, wannan babu musu. Fursunonin tarayyar Amurka sun tashi daga kimanin 25,000 a 1980 zuwa kusan 219,000 a 2013, kusan rabinsu kan laifin ƙwaya. Amma a tsawon waɗannan shekaru farashin hodar iblis da hiroyin a titi sauka ya yi, abin da ke nuna kayan ba su yi ƙaranci ba. A 2021 da 2022 mutanen da ƙwaya ta kashe a ƙasar sun haura 100,000 a kowace shekara.

Cibiyar bincike ta RAND ta kwatanta hanyoyin kashe kuɗi a 1997, ta gano cewa dalar da aka kashe wajen yi wa masu tsananin jaraba magani ta fi rage shan hodar iblis nesa ba kusa ba a kan dalar da aka kashe wajen tsawaita ɗauri. Cibiyar Pew kuma ta kwatanta jihohin ƙasar, ba ta ga wata alaƙa tsakanin yawan ɗaure mutane kan ƙwaya da raguwar shan ta ko mutuwa sanadinta ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan aka ɗaure ɓarawo, satar da zai yi ta ragu. Idan aka ɗaure mai sayar da ƙwaya a lungu, masu saye suna nan, kafin mako ya zagayo wani ya gaje wurin. Sannan masu nazarin laifuka sun daɗe da gano cewa abin da ke tsorata mai laifi shi ne tabbacin za a kama shi, fiye da tsawon ɗaurin da ke rubuce a littafi. Wanda ya yi imani zai iya sayen hanyarsa a shingen bincike, shekara 25 ba ta hana shi barci.

Mu a Najeriya me dokarmu ta ce?

Muna da hukuncin tilas, kuma mai tsanani. Dokar da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, wadda ta fara a matsayin dokar soja mai lamba 48 ta 1989, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya shigo da hodar iblis, hiroyin, LSD ko makamantansu, ko ya sarrafa su, ko ya fitar da su, ko ya yi cinikinsu. Wanda kuwa aka same shi da su ko yana sha, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 15 ba, bai wuce 25 ba. Da wannan dokar ake gurfanar da masu tabar wiwi da taramol, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'ar.

A lura da abu ɗaya: saɓanin ta Amurka, tamu ba ta jera ma'aunin nauyi ba. A rubuce, yaron da aka kama da ƙulli ɗaya na wiwi a aljihu yana fuskantar shekara 15. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi suka fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da aka yi binciken, miliyan 10.6 daga ciki wiwi, miliyan 4.6 magunguna irin su taramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin. A Arewa maso Yamma kaɗai kimanin mutum miliyan uku ne. Najeriya ba ta da gidajen yarin da za su ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi na shekara 15.

To me ya sa muke jin an yanke wa mutum wata shida, ko an ba shi zaɓin tara?

Saboda alƙalai da dama, idan suka ga wanda ke gabansu da abin da aka kama shi da shi, sukan yanke ƙasa da abin da ke rubuce, musamman idan ya amsa laifi kuma karonsa na farko ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ma ta halatta sulhun amsa laifi. Shugaban NDLEA, Buba Marwa, wanda ya hau kujerar a 2021, ya sha kokawa kan yadda ake ba masu fatauci zaɓin tara, kuma kukan nasa yana da tushe: tarar da za ta gagari ɗan acaba, ga mai safarar kwantena kuɗin shayi ce. Wanda ya kasa biya shi ke zama a ciki.

Amma maganin wannan shi ne a rufe ƙofar tara ga manyan masu safara, a kuma rarrabe a doka tsakanin mai sha, ƙaramin mai sayarwa, ɗan aike da mai jari. Dokar da ta yi wa kowa kuɗin goro, ko dai a yi aiki da ita a zalunci ƙanana, ko a kauce mata kowa ya raina ta. Mu yanzu muna fama da duka biyun.

An taɓa gwada hukuncin kisa a nan?

An taɓa. Dokar soja ta 1966 kan tabar wiwi ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai nomanta, da shekara goma ga mai sha, kafin a sassauta ta a 1975. Sai dokar soja mai lamba 20 ta 1984, zamanin Janar Muhammadu Buhari, wadda ta sa kisa kan safarar hodar iblis da makamantanta, aka kuma mayar da aikinta baya ta shafi laifin da aka yi kafin a kafa ta. A watan Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire hukuncin kisan, amma safarar ba ta tsaya ba a lokacin kisan ko bayansa, har ta kai aka kafa NDLEA a 1989. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta sake amincewa da a sa kisa a gyaran dokar NDLEA, abin da ya jawo muhawara mai zafi.

Ai shari'ar Musulunci ma tana da hukuncin da alƙali ba ya iya ragewa?

Tana da shi, shi ne haddi. Amma a dubi yadda malaman fiƙihu suka kewaye shi. Laifukan haddi 'yan kaɗan ne ƙididdigaggu, sharuɗɗan tabbatar da su masu tsauri ne ƙwarai, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa shubuha tana kawar da haddi. Duk sauran laifuka suna ƙarƙashin ta'aziri, inda aka bar wa alƙali ya duba mai laifi, halinsa, da girman ɓarnar. Hukuncin tilas na zamani ya ɗauki tsaurin, ya bar katangun. Ana iya ɗaure mutum shekaru masu yawa da shaidar abokin laifinsa wanda aka yi wa alkawarin sassauci in ya ambaci suna.

Akwai ƙasashen da suka janye daga wannan hanya?

Ghana ce misali mafi kusa, kuma ya shafi 'yan'uwanmu na zango a Kumasi da Accra. Tsohuwar dokarsu ta 1990 ta sa aƙalla shekara biyar ga mai sha, goma ga wanda aka same shi da ƙwaya. A 2020 suka yi sabuwar doka wadda ta mayar da hukuncin mallaka don amfanin kai zuwa tarar sidi 2,400 zuwa 6,000, ɗauri sai in an kasa biya, aka bar hukunci mai nauyi ga masu safara. Wannan ya yi daidai da shawarar da kwamitin Afirka ta Yamma kan ƙwayoyi, wanda Kofi Annan ya kafa Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ya bayar a 2014, cewa a ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiya, a mai da ƙarfin hukuma kan manyan masu safara.

A Kanada Kotun Ƙoli ta soke ɗaurin tilas na shekara bakwai kan shigo da ƙwaya tun 1987, majalisarsu kuma ta soke sauran na dokar ƙwayoyi a 2022. New York ta warware yawancin dokar Rockefeller a 2009. Maleshiya ta soke wajabcin hukuncin kisa a 2023, ta bar wa alƙalai zaɓi. Ingila tana da shekara bakwai ga wanda aka kama karo na uku yana fataucin manyan ƙwayoyi, amma ta bar wa alƙali ƙofar kaucewa a yanayi na musamman.

Me ya kamata matafiyi ya sani?

Cewa a wasu ƙasashe sikelin nan rai yake aunawa. A Singafo, safarar fiye da giram 15 na zallar hiroyin, ko giram 30 na hodar iblis, ko giram 500 na wiwi, hukuncinta rataya. Wani matashi ɗan Najeriya, Iwuchukwu Amara Tochi, an kama shi a filin jirgin saman Changi a 2004 yana ɗan shekara 18, ɗauke da ƙwayoyin da ya ce an gaya masa maganin gargajiya ne. Alƙalin ya ce babu shaida kai tsaye cewa ya san hiroyin ce, amma doka ta ɗora wa matashin nauyin tabbatar da rashin saninsa. An rataye shi a watan Janairun 2007 duk da roƙon Shugaba Obasanjo. Daga baya ƙasar ta gyara dokar yadda ɗan aike zai iya samun ɗaurin rai da rai, amma a mafi yawan lokuta sai mai gabatar da ƙara ya ba da takardar cewa ya taimaka.

Saudiyya ma tana kashe masu safarar ƙwaya. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar da aka kama a can a ƙarshen 2018 ba, bayan an samu taramol a wata jaka da aka liƙa wa sunanta. Sai da binciken NDLEA ya gano wasu ma'aikatan filin jirgi ne suka yi aika-aikar kafin a sake ta a 2019. Mai zuwa Umara ko Hajji kada ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani ba, ko daga wa ya fito, ya kuma ƙirga takardun shaidar jakunkunan da aka rubuta da sunansa kafin ya bar wurin awo. Akwai kuma tanadi a dokarmu, tun daga dokar soja mai lamba 33 ta 1990, cewa ɗan Najeriyar da aka ɗaure a waje kan ƙwaya na iya fuskantar ƙarin shekara biyar idan ya dawo, saboda ɓata sunan ƙasa.

An kama ɗan'uwana da ƙwaya. Me za mu fara yi?

Ku nemi lauya tun kafin ya rubuta jawabi ko ya sa hannu a wata takarda, domin doka ta ba shi damar a ɗauki jawabinsa a gaban lauyansa. In babu halin biya, akwai hukumar ba da agajin lauyoyi ta gwamnatin tarayya, mai ofisoshi a jihohi. Ku tabbata an auna kayan an rufe su a gabansa, an kuma kai su gwaji, don nauyi da nau'in abin su ne ƙashin bayan shari'ar. Ku tambayi sashen da aka tuhume shi da shi, saboda tazarar da ke tsakanin mallaka da fatauci ita ce tazarar da ke tsakanin shekara 15 da rai da rai. Kada ya amsa laifi don wani ya ce masa hakan zai sa a sake shi gobe, sai lauya ya bayyana masa abin da amsawar za ta jawo.

In kuma shi mai sha ne da jaraba ta kama, ku tara shaidar hakan: takardar asibiti, ko ta cibiyar gyaran hali, ko wasiƙar likitan ƙwaƙwalwa irin na asibitocin tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri. Lauya zai gabatar da su lokacin roƙon sassauci, kafin alƙali ya yanke hukunci. Kada ku ba kowa kuɗi da sunan zai kashe maganar, domin wannan wani laifin ne daban, kuma kan ku zai faɗa.